Ɗumama daɓen ɗakin 'yan tsaki: rajistar aikina a Inkil, Bauchi

Asabar, 26 ga Oktoba, 2024

Yau muka fasa tsohon daɓen ɗakin 'yan tsaki. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, tun hunturun bara, ranar da na shiga ɗakin bayan sallar asuba na tarar da tsaki arba'in da ɗaya a mace. Waɗansu sun danne juna a kusurwa saboda garwashin kasko ɗaya ya mutu, waɗansu kuma suna kwance gefen ɗaya kaskon da ya turnuƙe da hayaƙi. Baba maigadi da ke kwana yana duba su ya yi kwana biyu yana fama da ciwon kai. Wannan ciwon kan ya fi asarar tsaki tayar mini da hankali, domin gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska marar wari marar launi, wadda ke kashe mutum yana barci.

Abin da nake so shi ne wuta ta fita daga ɗakin gaba ɗaya, ɗumi ya riƙa tasowa daga ƙasa, inda ƙafar tsaki da cikinsa suke. Dabarar ba sabuwa ba ce. Mutanen Koriya sun yi ɗaruruwan shekaru suna bi da hayaƙin murhu ta ƙarƙashin daɓe, suna kiran tsarin ondol, Rumawa ma haka suka yi wa gidajen wankansu. Ni ruwan ɗumi zan bi da shi ta cikin bututun roba.

Ɗakin mita 4 ne a mita 5. Tsaki 400 na yi oda, za su iso tsakiyar Disamba, daidai lokacin da sanyin Bauchi ke cizo.

Asabar, 2 ga Nuwamba

An zuba daɓe. Kafin nan sai da muka kai ruwa rana da magini a kan farin soson nan mai kauri, irin wanda ake samu a cikin kwalin sabon firji. Na samo fale-falensa masu kaurin santimita 5 na ce a shimfiɗa su a kan leda kafin a ɗora komai. Ya dube ni ya ce, "Malam, shekara ashirin ina wannan sana'a, ban taɓa zuba siminti a kan soso ba." Na ce masa idan babu sosan, rabin ɗumin da za mu sha wahalar haɗawa ƙasar Inkil za ta shanye shi, domin zafi ba sama kaɗai yake tafiya ba, duk inda ya ga sanyi nan yake nufa. Ya yarda ne kawai bayan ya hau kai ya yi tsalle ya ga bai lotsa ba. Gefen bango ma mun zagaye shi da siririn soso, don siminti ya sami wurin miƙewa idan ya ɗumama, kada ya tsage.

A kan soso muka sa ragar ƙarfe, muka ɗaure bututu mai faɗin milimita 16 a jikinta, tazarar santimita 15 tsakanin layi da layi. Bututun ya ci kimanin mita 130, amma ban bar shi zagaye ɗaya ba. Na raba shi biyu, kowanne da nasa bawul, wato makunnin buɗe ruwa da rufe shi, domin idan zagaye ya yi tsawo da yawa ruwan zai huce kafin ya kai ƙarshe, ƙaramin injin da zai riƙa zagaya da ruwan ma ba zai iya tura shi ba. Babu haɗi ko ɗaya a ƙarƙashin siminti. Mai aikin famfo ya so ya jona wani guntu da ya rage, na hana.

Mun cika bututun da ruwa muka matse shi da iska muka bar shi ya kwana, allurar ma'auni ba ta motsa ba, sannan aka zuba siminti santimita 6. Na kuma binne wani guntun bututu wanda babu komai a cikinsa, tsakanin layuka biyu, bakinsa a waje. Nan zan zura wayar auna zafi. Na ɗauki hoton shimfiɗar tun kafin a rufe, saboda ranar da wani zai zo da ƙusa.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ba wani labari. Ƙanina yana yayyafa wa daɓen ruwa safe da yamma. Sai ya cika kwana 21 kafin a sa masa ɗumi, in ba haka ba zai bushe da gaggawa ya tsage. An ɗora tankin sola, mai ɗumama ruwa da zafin rana, mai cin lita 300 a kan ƙarfe bayan ɗakin.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Yau muka fara tura ruwa, mai ɗan ɗumi kawai, digiri 25, kuma haka za mu bar shi kwana uku kafin a ƙara. Injin ɗan ƙarami ne mai aiki da batir na volt 12. Da muka kunna sai ya yi ta gurnani, bututun komawa kuma, wanda ke fitar da ruwa daga daɓe, sanyi ƙalau. Iska ce ta maƙale a ciki. Muka rufe zagaye ɗaya, muka buɗe ƙarshen ɗayan cikin bokiti har ruwa ya daina tartsatsi ya fito a miƙe, sannan muka yi wa na biyun haka. Nan take gurnanin ya koma ɗan zuuu da kyar ake ji.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Gara da na yi gwajin nan ɗaki babu kowa. Jiya na haɗa na'urar daidaita zafi, ƙaramar nan STC-1000 da masu injin ƙyanƙyasar ƙwai ke amfani da ita, na rataye wayarta a iska kamar yadda aka saba, na ce ta kunna inji idan ɗaki ya sauka ƙasa da 30. Ruwan tanki kuwa kai tsaye na bar shi yake shiga daɓe, ya haura digiri 60.

Da ƙarfe goman dare inji ya tashi. Na zauna da littafi da ma'auni ina rubutawa duk rabin awa. Awa ɗaya ta wuce, tafin hannuna bai ji komai a daɓe ba. Sai wajen ɗaya na dare saman daɓen ya fara amsawa da gaske. Inji bai tsaya ba sai da hantsi, da rana ta fara dukan kwano. To a nan ne abin ya bayyana: an kashe inji, amma daɓe bai san an kashe ba. Zafin da ya riga ya sha ya ci gaba da fitowa. Da azahar saman daɓen ya kai 39, kuma idan ka taka ba takalmi kana jin layin bututu da zafi, tsakaninsu da sauƙi, kamar zanen tabarma. Da akwai tsaki a ciki da sun yi ta haki har sun faɗi. Tankin kuma ya huce tun kafin asuba, lokacin da aka fi bukatarsa.

Na zauna na yi lissafi. Simintin nan ya kai tan biyu da rabi. Kasko idan ka ƙara masa gawayi ka fifita, cikin minti biyar ka ji a fuskarka. Daɓe kuwa kamar tukunyar ƙasa ce: ba ta saurin ɗaukar zafi, idan ta ɗauka ba ta saurin saki. Abin da ka yi masa yanzu sai bayan awa uku zai ba ka amsa. Ita kuwa na'urar da ke jin iska, abin da ya riga ya faru take gani. Kenan kullum a makare take, wajen kunnawa da wajen kashewa.

Laraba, 4 ga Disamba

Gyara biyu na yi, kuma su ne zuciyar aikin.

Na farko, bawul mai gauraya ruwa. Baki uku gare shi: ruwan zafi daga tanki, ruwan da ya dawo daga daɓe ya ɗan huce, da mafita. Yana haɗa su da kansa ya ba ka zafin da ka saita. Na sha yawo a shagunan kayan famfo cikin gari ban samu ba, sai wani ɗan'uwa ya aiko mini daga Kano. Na saita shi a 42. Yanzu daɓe ba ya ganin ruwan 60 ko kaɗan, tanki kuma ɗan kaɗan ake ɗiba daga gare shi, don haka yana kai wa safe.

Na biyu, na cire wayar auna zafi daga iska na zura ta cikin guntun bututun da na binne. Yanzu simintin kansa na'urar take ji. A saitin na'urar, F1, wato zafin da ake so, na sa 34, F2 kuma, wato tazarar da ke tsakanin kashewa da sake kunnawa, na sa rabin digiri. Da faffaɗar tazara daɓe zai yi ta lilo tsakanin sanyi da zafi.

Abin da na fahimta shi ne, ruwa mai sassauƙan ɗumi da ke zagayawa tsawon dare ya fi ruwa mai ƙuna da ke zuwa ya ɗauke. Wutar da injin yake ci ba ta kai ta ƙwan fitila biyu ba, barinsa yana aiki ba asara ba ce. Asarar tana cikin zafin da ya wuce kima, wanda za ka buɗe taga da rana ka zubar.

Lahadi, 8 ga Disamba

Mun baza ɓuntun shinkafa kamar yadda muka saba, kaurin yatsu huɗu. Washegari na sa ma'auni a kansa, 25 kacal, alhali siminti yana 34. Ashe mun lulluɓe daɓen da bargo. Ɓuntu yana tare zafi kamar yadda soson ƙasa yake yi. Muka kwashe aka bar kaurin yatsa ɗaya da rabi, saman ya hau 31. A tsohon tsari kaurin ɓuntu kariya ce daga sanyin siminti, a wannan kuwa shi ne shinge.

Mun kuma ɗaura tamfol a ƙarƙashin kwano, daidai tsayin kan mutum, don rage sararin da ake ɗumamawa. Na bar kafar iska a sama ta ɓangarori biyu. Ɗumi ba ya maye gurbin iska mai kyau.

Alhamis, 12 ga Disamba

Sun iso da la'asar, kwali takwas, bayan doguwar tafiya. Tun shekaranjiya daɓe yake kunne yana jiransu. Tsaki ɗan kwana ɗaya ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, yana bukatar 32 zuwa 35 a makon farko, sannan a riƙa ragewa kamar digiri uku duk mako. Muka ba su ruwa mai gulukos, muka tsoma bakin waɗanda suka galabaita.

Ƙarfe biyun dare na leƙa da tocila. Ma'aunin waje yana 15. A ciki kuwa sun bazu ko'ina, babu tsibi a kusurwa, babu wannan kukan mai tsini na tsakin da ke jin sanyi. Da yawansu sun kwanta ruf da ciki, wuya a miƙe a kan ɓuntu, ƙafa ɗaya a baya, har sai da na taɓa ɗaya da yatsa don in tabbata yana da rai. Ya buɗe ido ya yi ɗan ƙara ya koma. Na ɗauki wani na manna ƙafarsa a kumatuna, da ɗumi. Baba ya tsaya a bakin ƙofa da hular sanyi ya ce, "Malam, yau ɗakin ba ya yaji a ido." Na ce, "Baba, je ka kwanta." Bai tafi ba, ya jawo benci ya zauna yana kallonsu.

Abu ɗaya: ruwan shansu yana ɗumama a kan daɓe. Mun ɗora mazubin a kan fale-falen katako.

Lahadi, 15 ga Disamba

Hazo ya sauko. Tun Juma'a ba a ganin duwatsun da ke bayan gari, rana kamar farin faranti. Tanki da kyar ya kai 46, ga ƙura ta rufe gilasan sola. Ƙanina yanzu yana goge su kowace safiya.

Dama na san sola kaɗai ba za ta riƙe mu ba, lissafin a fili yake. Lita ɗaya ta ruwa idan ta huce da digiri ɗaya tana ba da kimanin wat 1.16 na tsawon awa guda. Lita 300 daga 62 zuwa 42, kusan kilowat-awa 7 kenan, a rana mai kyau. Daren hunturu ya fi haka ci. Shi ya sa tun farko muka gina murhu a waje, bayan bango, da duro a kai, bututu biyu suka haɗa shi da tanki. Ruwan da ya yi zafi yana hawa da kansa, mai sanyi ya sauko, ba sai da inji ba. Duron yana da bututun numfashi a buɗe a sama. Wannan ba abin wasa ba ne, rufaffen duro a kan wuta fashewa yake yi.

Matsalar ita ce lokacin hura wutar. Daren Juma'a Baba ya jira sai da ya ji sanyi a jikinsa, wajen ƙarfe uku, sannan ya hura. Da asuba tsaki sun fara matsowa jikin juna, da hantsi kuma daɓe ya yi zafi ba amfani. Ba laifinsa ba ne, shekara da shekaru da kasko yake aiki, shi kuwa kasko haka yake so. Na ce masa, "Baba, wannan ɗakin kamar azumi ne. Ba a jira sai yunwa ta kama a yi sahur." Ya yi dariya ya ce ya gane. Yanzu bayan isha'i yake hura wuta, ya ƙara itace sau ɗaya wajen sha biyu, shi kenan.

Alhamis, 19 ga Disamba

Na lura suna taruwa a rabin ɗakin da ke kudu, suna ƙaurace wa na arewa. Na taɓa bututun komawa guda biyu: na kudu da ɗumi sosai, na arewa sanyi-sanyi. Zagayen kudu ya fi gajarta, ruwa kuwa hanya mai sauƙi yake bi. Ga shi bangon arewa shi ke shan iskar hunturu. Na ɗan matse bawul ɗin kudu kwata, na jira har washegari. Wannan jiran shi ne mai wuya. Hannu yana ƙaiƙayi ya sake murɗawa bayan minti ashirin, amma duk wanda ya yi haka zai yi ta bin inuwarsa ne. Sauyi ɗaya a rana, a rubuta, a duba washegari. Kwana biyu ya ɗauka kafin bututun biyu su zo kusa da juna.

An yi musu rigakafi jiya. Tsaki shida muka rasa a makon farko, huɗu daga ciki tun a daren isowa.

Litinin, 23 ga Disamba

Na rubuta jadawali da alli a bangon waje, kusa da bawul. A ƙasashen sanyi akwai na'urar da ke auna iskar waje ta ɗaga ko ta sauke zafin ruwa da kanta. Mu ƙanina ne na'urar. Da magariba yana duba ma'aunin waje da yanayin sama: idan gari ya yi garau iska ta kwanta, daren zai yi sanyi sosai, sai ya sa bawul a 42. Idan da sauƙi, 38. Da ƙarfe shida na safe kuma a kashe inji gaba ɗaya, duk da cewa lokacin ne sanyi ya fi tsanani. Wannan ya ba shi mamaki, ya ce, "Yaya, yanzu fa ake sanyin." Na ce ɗumin da ke cikin siminti zai kai su ƙarfe tara, daga nan rana ta karɓa. Duk abin da aka tura bayan shida, da azahar zai fito, lokacin da ba a son sa. Ana sake kunnawa da la'asar sakaliya, tanki yana kan ganiyarsa.

Da wannan sauyin kaɗai itacen da muke ƙonawa ya ragu kusan da kashi ɗaya cikin uku. F1 ya sauka zuwa 31. Su kansu tsakin yanzu suna ba da nasu ɗumin, gashi ya fara fito musu a fukafukai.

Alhamis, 2 ga Janairu, 2025

Daren Litinin ɓera ya tauna wayar auna zafi a inda ta fito daga bango. Na'urar ta yi ta ƙara, inji ya tsaya, Baba bai ji ba sai wajen ƙarfe huɗu. Ya buga mini waya muryarsa tana rawa. Na taho a kan babur cikin wannan sanyi ina ta salati, hoton bara yana dawo mini. Na tarar da su lafiya lau. A ƙiyasina inji ya yi awa huɗu a tsaye, daɓe digiri biyu kawai ya sauka. Nauyin nan da ya wahalar da ni a Nuwamba shi ya tsare mini su. Na haɗa injin kai tsaye da batir har gari ya waye. Yanzu wayar tana cikin bututun ƙarfe, na kuma sa makunnin hannu a gefe wanda Baba zai iya dannawa ba sai ya kira ni ba.

Sun cika mako uku yau. Tara muka rasa gaba ɗaya cikin 400. Ɓuntun a bushe yake, babu warin kashin nan mai hawa ido, ƙafafunsu tas. Bara a irin wannan lokaci na ƙona buhun gawayi takwas. Bana ban sayi ko ɗaya ba, sai itace kura ɗaya da ɗan ƙari. Kuɗin da aikin ya ci ba kaɗan ba ne, kuma ba na jin zai dawo a hunturu ɗaya, wataƙila sai na uku. Daga Maris zuwa Mayu daɓen zai zauna a kashe, a Bauchi lokacin sanyaya ɗaki ake nema. Da damina, a daren da aka kwana ana ruwa, zai sake amfani.

Asabar, 11 ga Janairu

An mayar da kajin babban ɗaki. Mun kwashe ɓuntu, mun wanke daɓen da maganin kashe ƙwayoyin cuta, na duba shi lungu-lungu, siririyar tsaga ɗaya ce kusa da ƙofa, ba ta kai bututu ba. Kashi na biyu na tsaki zai iso ƙarshen wata.

Jiya Inna ta zo ganin kaji. Daɓen yana kunne don ya bushe. Ta cire takalmi ta shiga, ta yi tsaye shiru, sannan ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafunta da ke mata ciwo duk hunturu. Ta ce, "Kai, tsaki ma sun fi ni gata." Ita ma da kasko take kwana tun Disamba, kuma sau nawa ina roƙonta ta bar taga a buɗe. Na auna ɗakinta da yamma, mita 3 a 4. Na mutum ba zai zama kamar na tsaki ba: a ƙa'idar Turai saman daɓen ɗakin zama ba ya wuce digiri 29, don haka ruwan 33 zuwa 35 ya isa, kuma dole ta rabu da kafet ɗinta mai kauri ta koma tabarma. Tanki mai lita 150 nake tunani. Fasa daɓen sai bayan sallah, idan sanyi ya wuce ta koma ɗakin baƙi.

Kafin tsaki su iso akwai ɗan agogon kunna-kashe da nake son sa wa injin, don kashewar ƙarfe shida ta daina dogara ga farkawar ƙanina. Bangon arewa kuma yana bukatar soso daga ciki. Magini zai zo Talata ya duba.